Kwana Biyu

Yau na kwashe aljihun teburina.
Shekara talatin da ɗaya, ga abin da ya rage:
hatimi biyu da tawadarsu ta bushe,
ƙoƙon shayin mate mai tsagaggen baki,
da fayil guda da ban taɓa mayarwa ba.

Ni ce bakin gwamnati a Montebidiyo.
Ba ta da harshe, sai ta ari nawa.
In ma'aikata ta rufe shago, ni zan faɗi dalili,
in ta hana fansho, ni zan tono sashen doka
in ɗaure shi tamau kamar kayan tafiya.
Abokin karawata kullum mutum ne mai suna,
mai tari, mai takalmin da ya sha hanya.
Wanda nake karewa kuwa
tambari ne a saman takarda.

Kada ka ce aikin banza na yi.
Na ƙwato kuɗin asibiti daga hannun ɗan kwangila
da ya gina katanga ya zo karɓar ladan bene.
Shekara shida ana ja, har Alƙali Etcheverry ya yi furfura a kai.
Ranar hukunci na saya wa kaina furanni.
Na kuma sha kaye, kayen ya yi min daɗi:
Delmira Sosa, malamar firamare,
an kore ta ba a ji ta bakinta ba,
kotu ta ce hukuma ma sai ta yi bayani.
Na rusuna, na fita ina ɓoye murmushi a jaka.

Amma fayil ɗin nan.

Anselmo Pintos, masunci daga Rocha.
An soke lasisin kwalekwalensa
don wani akawu ya rubuta bakwai inda ɗaya take.
Na gani. Tun daren farko na gani.
Doka ta ba shi ƙidayayyun kwanaki ya kai kuka,
shi yana kan ruwa,
wasiƙa na kwance a ƙarƙashin ƙofarsa.
Ya makara da kwana biyu.

Na miƙe gaban alƙalai, na gyara tabarau.
Ban yi ƙarya ko ɗaya ba.
Na karanta kwanan wata, na karanta na biyu,
na zauna.
Minti huɗu.

A matakala ya tare ni, hula a hannu,
rigarsa na warin gishiri da baƙin mai.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya ce, "Lauya, to yanzu wa zan gaya wa?"
Na ce, "Wa'adi wa'adi ne."
Ya gyaɗa kai kamar an ce masa yau teku ta hana fita,
ya sa hularsa, ya gangara tashar bas.

Na san amsar da nake ba ɗalibai:
in babu wa'adi babu ƙarar da za ta mutu,
gobe mai kuɗi zai zo bayan shekara goma ya ce shi ma.
Gaskiya ce, na faɗe ta sau ɗari.
Sai dai gaskiyar nan ba ta kama kifi.

Na rubuta wa darakta, shiru.
Na sake rubutawa.
Sanda aka mayar da bakwai ɗaya
kwalekwalen na hannun wani, da sabon fenti.

Ɗazu Lucrecia ta leƙo, wadda za ta gaji kujerata,
tana neman shawara kafin in tafi.
Na so in ce shari'a saɓanin hankali,
na ga ta yi ƙanƙanta da jin haka.
Sai na miƙa mata fayil ɗin.
Na ce, "Fara da shafi na tara, inda lambar take,
kafin ki duba kwanan wata."

Iskar kogi na kaɗa labule.
Na bar mata hatiman.
Ƙoƙon kawai na ɗauka.